Shingen Barandar Aune

Ƙwallon ya wuce ta tsakanin sandunan shingen kamar babu komai a wurin, ya dira a kan dutse, ya gangaro ya shige cikin tumatir ɗina. Ina tsugune a lambu na miƙa hannu na ɗauke shi. Na roba ne, ja, bai fi babban lemo ba. Da na ɗaga kai sai na ga wata mata da rigar ma'aikatan hukumar gari tana leƙowa daga barandar maƙwabciyata, Aune Saarela.

"Yi haƙuri, nawa ne," in ji matar.

"Lorraine, hawo da shi," Aune ta ce daga kujerarta. "Zo ki ji yadda ake cin mutuncin Reino a cikin gidansa."

Reino mijinta ne, ya daɗe da rasuwa. Shi ya kafa barandar katakon da hannunsa tun kafin mu tare a unguwar. Gidajenmu a jikin tudu suke, saboda haka barandar a sama take sosai, in mutum ya faɗo sai duwatsu. Daga can ana ganin tabki gaba ɗayansa, da bakin tashar da jiragen dakon tama suke shiga.

Matar ta ce sunanta Gwen Beaulieu, mai duba gine-gine. Ta karɓi ƙwallonta ta yi mini bayani kamar ni ce mai gidan. Duk ratar da wannan ƙwallo ya wuce, kan ƙaramin yaro zai wuce. Shingen kuma ya yi gajarta, ƙa'ida ita ce inci talatin da shida, wannan ko cinyata bai kai ba. Ta dafa ginshiƙin kusurwa ta girgiza, duk shingen ya yi rawa.

"Da gangan ya gajarta shi," in ji Aune. "Don in riƙa ganin ruwa daga zaune."

"Na gane, Misis Saarela. Ya yi aiki mai kyau a zamaninsa."

"Kin ji ko, Lorraine? A zamaninsa. Haka ake ce wa mutum in an gama da shi."

Gwen ta yi murmushi. Ta riga ta hau rufi. Ta ce fallayen rufi hawa uku ne a kan juna, ƙa'ida ba ta yarda da haka ba, kuma katakan da ke ɗauke da su sun fara lanƙwasa ta ɓangaren ɗakin kwana. In aka yi dusar ƙanƙara mai nauyi, ba za ta iya rantsuwa a kan rufin ba.

Da ta tafi na tsaya ina huci. Na ce wane marar aikin yi ne ya kai ƙarar tsohuwa hukuma.

"Ni na kira ta," Aune ta ce.

Na dube ta. Wannan matar ce ta kori ɗanta daga gidan da tsintsiya ranar da ya kawo maganar gyaran shingen.

"Zauna, yarinya. Zuba mana gahawa."

Shekaruna sun haura sittin, amma a bakin Aune ni yarinya ce. Na zuba. Ta yanko pulla, burodin nan nasu mai zaƙi, ta tura mini, ita ba ta ci ba. Sannan ta gaya mini abin da likita ya gani a cikinta, a taƙaice, kamar tana faɗin yanayin gobe. Sun ba ta gado a asibiti ta ce ba ta so. Nas za ta riƙa zuwa gida.

"Kaisa za ta dawo," ta ce. "Aurenta ya mutu a can Arizona. Ba ta da inda za ta sa kanta, ni kuma ina da gida. Tana da 'ya, Signe, ba ta cika uku ba. A waya kawai nake ganinta, ba ta zama wuri ɗaya. Kina so in bar musu gidan da zai cinye yarinyar?"

Kaisa jikarta ce. Na san ta tun tana satar strawberry a lambuna.

Orville Tangen muka kira, kafintan da ke zama a bayanmu a coci. Kansa ya yi fari, kunnensa ɗaya ba ya ji, amma a gaban Aune cire hula yake yi.

"Orville, za ka gama kafin in mutu?"

"Ya danganta da saurinki, Misis Saarela."

"Ba ni da gaggawa. Amma kai ma kada ka yi irin na ubanka, da ya shekara yana gyara ƙofar coci."

Da rufi suka fara, shi da ma'aikatansa biyu. Muka sauko da gadon Aune falo, kusa da tagar da ke kallon tsakar gida. Duk yini fallaye na zubowa ta gaban tagar suna faɗawa cikin babban kwandon shara na ƙarfe. Na ɗauka ƙarar za ta dame ta. Ashe kallo ta samu.

Fallayen hawan sama baƙaƙe ne. "Wannan na bayan Reino ne," ta ce. "Ɗana ya sa aka yi. Dubi launin, kamar ana makoki." Da rana ta yi sai korayen suka fara zubowa, ta gyara zama. Waɗannan Reino ne ya buga su shekarar da ya bar aikin jirgi. Ta ce tana tsaye a ƙasa tana miƙa masa ƙusa, yana waƙa da muryarsa marar daɗi har karen maƙwabta ya riƙa kuka. Can ƙasa kuma jajaye ne, sun dafe, suna ɓarɓashewa a iska. Ta bi su da ido har suka ƙare, sannan ta ce, "Da muka sayi gidan, daga cikin jirgi nake gane shi da jan rufin nan."

Aune ta yi shekaru tana dafa abinci a jirgin dakon tama. A can suka haɗu da Reino, shi yana ɗakin inji. Takan ce miyarta ya aura, ita kuma ta biyo miyar.

Orville ya tarar ruwa ya cinye katakan ɗakin kwananta har silin, sai da ya sauke duka. Ranar da yamma, ma'aikata sun tashi, yana shirin jan tamfol ya rufe, Aune ta ce a kai ta sama.

"Babu rufi a can, Misis Saarela."

"Shi ya sa nake son zuwa. Ko kunnen mai kyau ma ya mutu?"

Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya sunkuce ta kamar damin wanki ya hau da ita, na bi su da bargo da kujera.

Ban taɓa ganin ɗaki irin wannan ba. Bango huɗu suna nan da takardarsu mai furanni, madubi na rataye, agogo na tafiya, amma sama a buɗe. Sababbin katakai farare sun ratsa sararin, suna ƙamshin itace. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya shigo ya kwanta a kan dabe. Tsuntsayen tabki suna wucewa ta saman kanmu sannu a hankali, cikinsu ya yi ruwan zinariya. Wani ganye ya sauko yana juyi ya sauka a kan teburin kwalliyarta.

Ta jingina kai har na ɗauka ta yi barci.

"Muna tafiya," ta ce a hankali. "Kin ji?"

Gajimare ne ke tafiya, amma da na kafa masa ido sai na ji kamar ɗakin ne ke motsi, kamar gidan ya saki tudun ya bi ruwa. Na dafa bango.

"In dankali ya dahu sai in fito bayan jirgi in zauna a kan bokiti," ta ce. "Ba kowa sai ruwa. Wani lokaci ba ka sanin inda ruwa ya tsaya, inda sama ta fara. Reino yakan hawo da mai a fuskarsa ya ce, Aune, me kike kallo? In ce ba komai. Sai ya zauna mu kalli ba komai tare." Ta juyo. "Orville, ka ce masa ya wanke hannu kafin ya taɓa burodin."

"Zan gaya masa," in ji Orville.

Muka zauna har iska ta fara sanyi. Da ya sauko da ita tana barci, ya koma ya ja tamfol. Na ji shi a sama yana fyace hanci.

Rufin ya kammalu cikin 'yan kwanaki, ruwan toka, sumul. Aune ta sa aka tura ta a keken guragu har tsakiyar titi ta duba. Ta ce ba shi da kyau, amma zai yi.

Shingen ne ya zo da wuya. Orville ya cire tsohon, ya kafa sababbin ginshiƙai, ya ɗaure su da manyan kusoshi masu noti a jikin katakan ƙasa, ya jera sanduna kusa da kusa. A lokacin Aune ta yi rauni, ba ta fito ba sai da aka gama. Ranar na tura ta baranda, na ajiye ta a inda kujerarta ta saba zama.

Katakon saman shingen ya tsaya daidai idonta. Ya rufe bakin tasha, ya rufe layin da ruwa ya haɗu da sama. Ƙasa da shi kuma sanduna ne, tabkin ya zama 'yan tsirara shuɗɗa.

Orville yana tsaye da hula a hannu.

"To," ta ce. "An kulle ni."

"Zan yi miki dandamali," ya ce da sauri. "Ɗan tudu na katako, mu ɗora kujerar. Za ki gani kamar da. Kafin gobe na gama."

"Yarinya za ta hau."

"Sai a cire in sun zo."

"A manta a cire. Ko a bari saboda tausayina." Ta girgiza kai. "Bar shi, Orville. Na ga tabkin nan fiye da kifin da ke cikinsa."

Na je na kama ta ta hammata na ce bari in tsayar da ita ta gani ko sau ɗaya. Ta ture hannuna. "Kada ki karya ni a banza, yarinya. Kawo bargo."

Daga ranar ta koma sauraro. Kullum da hantsi in fito da ita, ta rufe ido, in jirgi ya yi ƙaho a bakin tasha ta faɗi ko wane ne, ko da kaya yake ko fanko. Ni kuma in tsaya a jikin shingen in duba in gaya mata. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta faɗi sunan jirgin da aka yayyanka aka sayar da ƙarfensa tun ina makaranta. Da farko ina gyara mata. Daga baya na daina. In ta ce jirgi kaza ne, sai in ce shi ne, ta tambaye ni ko an sake masa fenti.

Kaisa ta yi jinkiri. Sai da kotu ta gama maganar riƙon yarinyar, sannan motarta ta lalace a hanya. Nas ta ja ni gefe a kicin ta ce in ina da hanyar gaggauta jikar, in gaggauta. Aune ta daina cin komai sai ɗan romo. Amma kowace safiya takan tambaya, "Sun iso ina?" In faɗa mata sunan gari, ta gyaɗa kai kamar mai bin jirgi a taswira.

Gwen Beaulieu ta dawo a tsakanin nan. Ta hau rufi, ta sauko, ta auna, ta girgiza ginshiƙai ba su motsa ba. Ta durƙusa a gaban keken ta ce komai ya cika ƙa'ida.

"Shi ke nan, ba za ki kai ni kurkuku ba?"

"Ba yau ba, Misis Saarela."

"Kin makara ma." Ta riƙe hannun matar ta ɗan jima. "Lorraine, ba ta burodi ta tafi da shi. Ta rame."

Wata Laraba da azahar suka iso. Mota ta tsaya, ƙura ta rufe ta, kaya har gilashi. Kaisa ta fito, ta yi baƙi, ta zabge. Kafin ta rufe ƙofa wani ɗan abu mai jar riga ya zame ta ƙarƙashin hannunta, ya shige gida, ya ratsa falo da gudu. Muna baranda ni da Aune. Yarinyar ko kallonmu ba ta yi ba. Ruwa ta hango, ta nufe shi kai tsaye, ta faɗa a jikin shingen da dukan ƙarfinta.

Ta kama sanduna biyu, ta cusa fuska, ta tura, ta sake turawa. Kumatunta suka matse, kan ya ƙi shiga. Ta nemi inda za ta sa ƙafa ta hau, babu. Ta juyo da fushi tana neman wanda ya yi mata wannan.

Aune ta yi dariya, ƙarama, har ta zama tari.

"Ke ce Signe? Zo in gan ki, 'yar ɓarauniya. Irin uwarki ce."

Kaisa ta iso tana haki ta zube a gaban keken, ta sa kai a cinyar kakarta. "Mummu," ta ce, sunan da take kiran kakar tun tana ƙarama.

"Kin yi wari kamar mota," in ji Aune, tana shafa gashinta. "Ɗakinku na sama. Ba ya yoyo. Ki je ki yi wanka."

Kwanakin da suka biyo sun yi taushi, ban san yadda zan faɗe su ba. Ganyen bishiyoyi ya fara ja. Signe ta mai da barandar gidanta, ta jera cokula a gindin shinge, tana ba su labari. Da yake tsayinsu ɗaya da mai zaman keke, ita ce ta koya wa Aune kallon tabki ta tsakanin sanduna. Takan ja keken da ƙarfin hali, mu taya ta, har gaban shingen, ta ce, "Wannan tagata, wannan taki." Su manna fuska su biyu. In jirgi ya shiga tagar Signe, sai ta jira ya fito ta shaida wa Aune yana zuwa tata.

Ranar ƙarshe hazo ya taso daga ruwa tun safe bai ɗaga ba. Na ce mu zauna a ciki, Aune ta motsa yatsa wajen ƙofa. Muka naɗe ta da barguna muka fitar. Babu tabki, babu gari, ko lambuna ba a gani. Barandar kaɗai ce, da shingen, raɓa na ɗiga daga katakonsa. Signe tana barcin rana a sama. Kaisa ta zauna a dama, ni a hagu.

Can ƙasa wani jirgi ya yi ƙaho, dogo, mai kauri, har na ji shi a ƙirjina.

Aune ta buɗe ido. "Namu ne," ta ce.

"Naku ne, Mummu."

"Sun yi sammako. Ban ɗora komai ba."

"Na ɗora," in ji Kaisa. "Dankali na wuta. Ki huta."

"Gishiri kaɗan. Reino ba ya..." Ta tsaya, kamar ta ji wani ya kira ta daga wani ɗaki. Ta ɗan juya kai wajen ruwa. Numfashinta ya riƙa nisa da juna. Jirgin ya sake ƙaho, ya fi kusa, gadar bakin tasha, wadda ake ɗagawa jirage su wuce, ta amsa masa da nata ƙahon. Da ƙarar ta mutu muka saurara, ba mu ƙara jin numfashinta ba.

Ba mu motsa ba. Kaisa na riƙe da hannu ɗaya, ina riƙe da ɗaya, hazo na ratsa sanduna yana wucewa ta kan ƙafafunmu. Sai da muka ji Signe ta farka tana kira daga sama, sannan Kaisa ta miƙe, ta gyara wa kakarta bargo, ta shiga.

Aka yi jana'iza a cocinmu. Tsofaffin ma'aikatan jirgi suka zo da sandunansu, suka cinye kifin banda, suka yi gardama a kan wace shekara ce tabki ya daskare gaba ɗaya.

Washegari da safe ina wanke kofuna na ji motar Orville ta tsaya. Na ɗauka kayan aikinsa ya manta. Ya sauke wani dogon mayen ƙarfe mai taya biyu da mariƙi, ya shiga tsakar gidan Aune ya fara tura shi a kan ciyawa. Na fito da gahawa.

"Ai ka share wurin nan tun da ka gama rufi," na ce.

"Kullum akwai saura," ya ce. "Yarinyar ba ta son takalmi."

Na zauna a matakala. Ciyawa jiƙe take, rana ba ta gama fitowa ba. Yana tafiya a hankali daga katanga zuwa katanga, kansa a sunkuye, kunnen mai ji ya karkata wajen ƙasa. Jifa-jifa wata tsohuwar ƙusa ta yi tsalle daga cikin ciyawa ta manne, ƙas. Ya yi gaba kaɗan, wata ta sake, ƙas.